Mazambacin da Ya Yi Mana Lamba

Shekaranjiya da hantsi ina zaune bakin ƙofar ɗakina ina tsince wake, sai na ji jikanyata tana yi wa mijinta tsiya. Wai ya yi alkawarin zai taho mata da kilishi daga Kankiya, ya dawo hannu rabbana. Tana dariya tana cewa, "Mazambaci kawai, ɗan damfara. Haka ka yi mani daɗin baki ran da ka zo neman aurena." Shi ma dariyar yake yi, yana tada babur zai koma tasha. Ni kuwa waken ya tsaya mani a hannu. Ba wani laifi suka yi ba, zamani ne ya zo da haka. Kalmar ta yi arha. Ɗan acaɓan da ya sauke ka nesa da gida mazambaci ne, wanda ya kira ka a waya ya ce ka ci kyauta mazambaci ne, har na ji samari suna faɗinta kamar yabo, wai wane ya waye, ya iya zama da mutane. Ni ban yi karatu mai nisa ba, allo ne sai ɗan yaƙi da jahilci da na shiga da girmana, amma na san lokacin da kalmar nan ke da nauyi, kuma na san abin da ya ba ta nauyin a gidanmu.

Ƙauyen da aka kai ni aure ɗan ƙarami ne, tsakanin Kusada da Mawashi. Lokacin Turawa ke mulki, amma mu ba ganinsu muke yi ba, labarinsu kawai muke ji a bakin mazan da ke kora jakuna su kai gyaɗa da auduga Kankiya. Abin da na fi tunawa da shi ƙara ne. Tun assalatu za ka ji guga na bugun bakin rijiya, zabi na kuka a kan tsamiya, sai lugude ya tashi daga wannan gida wancan ya amsa, har ka iya gane hannun kowace mace daga yadda taɓaryarta ke sauka. In rana ta take, gari ya yi tsit, sai gurzar dutsen niƙa da ɗan kukan mazari a kan tasa. Yanzu inji ya cinye wannan duka. Jikanyata ba ta taɓa yin kanta a tafin hannu ba, kuma ba na yi mata fatan ta yi. Amma a wancan shirun ana jin magana, kuma ana auna ta kafin a sake ta.

Uwar mijina, wadda duk gidan ke kira Iya, ita ce mai auna magana. Doguwa ce, fuskarta duk zanzana, don agana ta taɓa kama ta tana yarinya ta bar ta da rai. In tana kaɗi ta ji wata cikinmu ta jefi wani da kalma mai nauyi, sai ta tsayar da mazari. Takan ce wadda ta yayyafa wa auduga ruwa don ta yi nauyi a sikeli, algus ta yi, a yi mata faɗa ta bari. Wanda ya haura katanga ya kwance akuya ɓarawo ne, da safe a bi sawunsa. "Mazambaci kuwa," in ji ta, "ba shi haura katanga. Ta ƙofa yake shigowa da sallama. Ke za ki shimfiɗa mashi tabarma, ke za ki ba shi da hannunki, ki raka shi kina godiya." A wancan lokaci in aka kira mutum da wannan suna a kasuwa, ciniki tsayawa yake yi. Ko mai faɗin ya kawo shaidu gaban mai gari, ko ya durƙusa ya ba da haƙuri. Wanda kuwa sunan ya tabbata a kansa, ya bar garin ke nan.

Na haifi ɗan fari, namiji. Yaran yanzu ba za su gane abin da ake nufi da kunyar ɗan fari ba. A gaban mutane ba naki ba ne. Ba ki faɗin sunansa, ba ki ɗaga shi ki yi mashi wasa, in ya faɗi ba ke ce za ki fara miƙewa ba. Da aka yaye shi sai ya koma ɗakin Iya, ita ke goya shi, ita ke kiransa maigidana ko angona, tana yi mashi tsiyar bai kawo cefane ba. Ni kuwa Yaya yake kirana, yadda ya ji ƙanwar mijina na kirana. In zan yi zancensa sai in ce yaron Iya. Da ido kawai nake renonsa. Kuma Allah ya yi ni mai fargaba. In ya yi tari sau ɗaya na ji, in ya bar tuwo a kwano na gani, in ya nufi bakin rijiya taɓarya ta tsaya mani a sama. Abin da na fi tsoro shi ne agana. A gidanmu na Kankiya ta shiga ta ɗauke mani ƙanne, bayan nan ne aka tara mu ƙofar hakimi aka yi mana lamba, wato rigakafinta, a damtse. Ban manta yadda tawa ta yi ba. Da fari kamar ba a yi komai ba. Sai bayan 'yan kwanaki wurin ya fara ƙaiƙayi, ƙurji ya taso da ɗan rami a tsakiyarsa kamar cibiya, kaluluwa ta fito mani a hammata, na kwanta zazzaɓi. Sannan ya bushe ya bar tabo.

Da kakar gyaɗa ce, maza duk suna gona, mai gari ya tafi wajen hakimi, muka ji ƙararrawar keke. Ba abin da ake ji kullum ba ne. Na leƙa ta wata kafa a jikin darni. Mutum ne fes da shi, kakin rigarsa ya sha guga, ga gajeren wando ga doguwar safa, ga ɗan akwatin ƙarfe ɗaure bayan keke. Ya yi sallama kamar malami, ya gai da tsofaffi har ƙasa. Ya ce hukuma ta aiko shi ya yi wa yara lamba, don agana ta ɓulla wajen Kano, tana tahowa. Yana magana yana jefa Turanci. Wasu mata suka tsorata da aska suka ɓoye 'ya'yansu cikin rumbu. Iya ta bi su da faɗa, tana nuna masu fuskarta. Ita ta sa aka shimfiɗa mashi tabarma gindin tsamiya, ita ta fara fitar da nata.

"Wannan jarumin na wa ne?" in ji mutumin.

"Maigidana ne," in ji Iya. "Ka yi mashi a hankali, shi ke ci da ni."

"To maigida, miƙo hannu. Yau ka zama mutumin Gwamna, in ka girma kai ma keke za a ba ka."

Tsofaffi suka yi dariya. Ni ma daga bayan darni na yi hamdala, don abin da na daɗe ina roƙo ne ya zo har ƙofar gida. Amma ido ba ya barin aikinsa. Na ga ya tsaga fatar da aska, ya goge askar a wandonsa. Wanda ya yi mana a Kankiya yana da 'yar fitila mai shuɗiyar wuta, yana gasa ƙarfensa bayan kowane yaro. Wannan ba shi da wuta. Ya tsoma tsinke cikin 'yar kwalba, ya ɗiga wani farin ruwa mai kauri a kan tsagar. Da Iya ta wuce da yaron ta gabana yana tsala kuka, na ji wari kamar na ɗanyen ice da aka karya.

Mutumin ya ce magani kyauta ne daga hukuma, sai dai ma'aikaci yana da ciki. Aka yi ta fito mashi da kaji da ƙwan zabi da gyaɗa. Iya ta ɗauko wani farin saƙi wanda ita ta kaɗa zarensa, ta ba shi. Ta dama mashi fura a ƙwaryarta mai zane, wadda ko mijina ba ya sha a ciki. Ya sha ya gode. Ta raka shi har bakin hanya tana cewa, "Allah shi yi maka albarka, Allah shi raya naka."

Kafin la'asar wurin ya yi bororo kamar ƙunar wuta. Na jira zazzaɓi, bai zo ba. Na faki idon mutane na taɓa hammatar yaron kamar ina gyara mashi riga, ba kaluluwa. Yana ta wasansa. Ba a jima ba ciwon ya bushe ya bar tabo mai kyau, ya ma fi nawa fitowa. Iya ta ce maganin bana mai sauri ne, Turawa kullum ƙara wayo suke yi.

Muna niƙa da ƙanwar mijina na ce mata, "Ke, lambar yaron Iya ba ta yi kama da tawa ba."

"Wane yaron Iya?" in ji ta. "Iya na da yara da yawa, har mijinki. Faɗi sunanshi mu ji."

"Bari wasa. Bai yi zazzaɓi ba."

"Matarmu, ke dai ba ki rabo da tsoro. Da ya yi zazzaɓi ki hana mu sakat, bai yi ba kuma kin hana mu sakat. Mi kike so Allah shi yi maki?"

Na gwada mijina wata safiya da na kai mashi ruwan alwala. Mutum ne mai shiru. Ya ce aikin Bature ne, ni na fi su sani? Kuma zancen yaron ba nawa ba ne ba nasa ba, na Iya ne.

Da rani ya shigo aka yi shela cewa gobe malamin lamba zai zo, kowa ya fito da yaransa. Wannan karon da dogarin hakimi aka zo. Da safen na je ƙofar ɗakin Iya na durƙusa. Ban taɓa yi mata zancen yaron kai tsaye ba. Na ce, "Iya, da za a sake yi wa maigidanki."

Ta dube ni. "Yau kuma? Ɗiyar nan, ina kunyarki ta tafi? Ke ce da bakin magana a kanshi?"

"Iya, ta wancan mutumin ba ta yi zazzaɓi ba. Tawa ta yi."

"To ki gode Allah. A yanka mani yaro sau biyu, rago ne? Tashi ki ɗora sanwa."

Ba mugunta ta yi mani ba. Ta fi kowa sonsa, kuma ta ji kukansa ran farko. Duk da haka ta fita da shi, tunda an ce kowa ya fito. Na koma kafata ta jikin darni. Ga 'yar fitila mai shuɗiyar wuta, na gane ta. Yadda suke aikin shi ne, malamin ya kama damtsen yaro ya duba, in da tabo ya ce wuce, in babu ya yi mashi. Da ya ga tabo ya yi yawa ya tambaya wa ya yi. Aka ce ɗan'uwansa ne mai keke, da kaka. Malamin ya ce wataƙila na ƙasar Kano ne suka tsallako iyaka, tunda ba mu da nisa. Ya ce magani kaɗan ne, ba a maimaita wa wanda ya samu. Ina gani ya ɗaga hannun yaron, ya shafa tabon da babban yatsa, ya ce, "Wuce." Tsakanina da su bai fi a yi magana a ji ba. Amma ga maza cike da gindin tsamiya, ga surukina, ga dogari, ni kuma amarya ce mai ɗan fari. 'Ya'yan matan nan da suka ɓoye su cikin rumbu, waɗanda Iya ta yi wa faɗa, su ne suka samu ta gaskiya ran nan.

Da bazara aganar ta shigo. Ba a kiran sunanta, sai a ce baƙuwa ta sauka gidan wane. Ba a daɗe ba kowa ya ga yadda take zaɓe. Yaran da aka gasa wa ƙarfe suna yawo, yaran mai keke suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Aka kafa bukkoki bayan gari gindin wata kuka aka kwashe su can. Iya ta bi nata, tunda wadda ta taɓa yi ba ta sake yi. Ni ina da ciki lokacin, aka hana ni matsawa. Akwai wani dutse a bakin hanya, nan ne iyakata. In dama kunu in kai in ajiye a kai, in kira Iya, in ja da baya. Lugude ya mutu a garin. Ana daka, amma kowace ita kaɗai, a hankali, kamar mai satar yi.

Kwanakin farko ina jin muryarsa daga bukka. "Yaya ce?"

"Ita ce, angona. Ta kawo maka kunu, ta fi ka kirki."

Daga baya muryar ta dishe, sai Iya kaɗai nake ji tana lallashi. Wata safiya na ajiye kunun na kira. Ta fito, ta tako har kusa da dutsen, abin da ba ta yi, ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Mai da kunun."

Iya aka yi wa gaisuwar rasuwa. Ni na yi ta dakan furar masu zuwa, in mace ta wuce ta ce mani sannu da aiki, in ce sannu. Haka ake yi. Ba a ga hawayena ba, aka ce ɗiyar nan tana da kunya, an yi mata tarbiyya.

Bayan baƙuwar ta tafi mijina ya dawo daga kasuwar Kankiya da labari. An kama wani mai keke a wani ƙauye yana yi wa yara lamba. Da aka buɗe kwalbarsa, nonon tinya ne, icen nan mai ƙona fata. An kai shi gaban alƙali. Ban san abin da aka yi mashi ba, wasu sun ce bulala da gidan yari, wasu sun ce ba shi ne namu ba. Ina jin maza a zaure suna gardama. Wani ya ce ɓarawon kaji ne. Wani ya ce ai kisa ya yi. Wani ya ce bai kashe kowa ba, kwana ne ya ƙare. Iya na tsakar gida da mazari a hannu, ba ta kaɗi.

Da azahar ta kira ni ɗakinta. Ƙwaryar nan mai zane na gabanta. Ta ce, "Ni na wanke shi. Jikinshi duka baƙuwar ta rufe, har tafin ƙafa, har fatar ido. Wuri guda ta bari. Tabon nan. Sumul yake, kamar an shafa mashi mai." Sannan ta ce, "Kaza ba ta dame ni ba. Saƙi bai dame ni ba. Albarka na sa mashi da bakina, na ce Allah shi raya nashi. Ɓarawo bai taɓa sa na yi mashi addu'a ba. Kuma ya ɗauke mana tsoro. Da bai zo ba muna nan da tsoronmu, da mun kai yaron an gasa mashi ƙarfe. Ke kaɗai ya bari da shi, ni kuma na ce ki tashi ki ɗora sanwa."

Sai ta faɗi kalmar, sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. "Mazambaci." Ban sake jin ta a bakinta ba har ta bar duniya.

Ta tura mani ƙwaryar ta ce in jefa ta rami bayan gida. Na miƙe zan fita, ta ce, "Tsaya. Saki asabari. Yi kukanki, ba mai ji daga bakina." Na zauna a bakin gadonta, inda yake kwana, na yi. Ita ta juya mani baya tana kallon bango don kada in ji kunya.

Abin da mai keken ya ɗauka bai ƙare nan ba. Da shekara ta zagayo malamin lamba na gaskiya ya dawo, garin ya watse. Rumbuna suka cika da yara, wasu aka gudu da su cikin dawa. Mata na cewa an yi wa nasu lamba sun mutu, me za a gaya masu? Ni na goya jaririyata na fita. Na ratsa maza gindin tsamiya, surukina na zaune, na tsaya sai da na ga wutar ta lashi ƙarfen, sannan na miƙa hannunta. Wata tsohuwa ta ce ɗiyar nan ta zubar da kunya. Iya ta ce, "Ni na aike ta." Ba ta aike ni ba. Jaririyar ta yi zazzaɓinta, na zauna a kanta ina murna. Ita ce ta haifi wannan jikanyar tawa mai son kilishi.

Da babur ɗin mijinta ya yi nisa na kira ta, na ce ta miƙo mani ɗanta. Na ture hannun rigarsa na lalubi tabon allurar da aka yi mashi a asibitin Kusada, don idona ya yi rauni, yatsa ke gani mani yanzu. Na tambaye ta ko ran da aka yi ya tashi, ko sai da ya daɗe.

"Kaka, kin fara," in ji ta. "Sai da ya daɗe. Na gaya maki, na sake gaya maki."

Na ce mata in mijinta ya sake hana ta kilishi ta kira shi marowaci, ta kira shi mai ƙarya, zan taya ta. Wancan sunan ta bar shi, yana da mai shi.

"Wasa nake yi, Kaka."

"Na sani," na ce.

Ta karɓi ɗanta tana kiran sunansa, tana cilla shi sama tana cafewa, ɗan farinta, a tsakar gida, gaban kowa. Na ji daɗin ganin haka har raina. Ni sunan nawa ɗan farin ban taɓa faɗinsa ba, ko yana raye ko bayansa, yanzu kuma duk waɗanda suka san shi sun tafi. Na mai keken kuwa ba wanda ya tambaye shi ran da ya zo. Wannan da Iya ta sa mashi shi kaɗai gare ni, kuma ba na ara wa kowa.